Shafi ɗaya, wayoyi daban: abin da ke hana shafin rediyo buɗuwa daidai, da maganinsa



Tun da muka fara sa labarai da sanarwa a intanet, koke uku ne suka fi zo mana. Wani ya ce sunan Ƙonni ya fito masa da ɗan akwati a madadin harafin farko. Wani ya ce ya danna muryar labarai, shiru kake ji. Wani kuma ya ce shafin gaba ɗai ya ƙi buɗuwa, alhali maƙwabcinsa na zaune gefensa yana karantawa. Kwanan baya wani ɗan uwanmu da ke Abijan ya kira da ɓacin rai: an yi sanarwar rasuwar gwaggonsa a wani ƙauye na gundumar Illela, an tura masa adireshin shafin, wayarsa ta ƙi buɗe shi, bai samu labari ba sai bayan sadakar uku. Shi ya sa muka tattara bayanin nan wuri ɗaya. A adana shi, a karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Mene ne burauza?

Burauza ita ce manhajar da ake shiga shafukan intanet da ita: Chrome, Opera Mini, Firefox, Safari ta wayar iPhone, Samsung Internet, ko Phoenix da ake tararwa cikin wayoyin Tecno da itel da Infinix. Shafi ba hoto ba ne da ake aiko maka a gama. Umarni ne a rubuce, da harsuna uku na kwamfuta: HTML yana faɗin abin da ke cikin shafin, CSS yana faɗin yadda za a jera shi da launinsa, JavaScript kuma yana sa maɓallai su yi aiki. Burauzar da ke wayarka ce ke karanta umarnin ta gina shafin a gabanka. Kamar ka ba tela uku yadi iri ɗaya da awo ɗaya ne, ɗinkin zai yi kama amma ba zai zama ɗaya ba.

Manyan injinan da ke wannan aiki uku ne a duniya. Blink shi ke cikin Chrome da Samsung Internet, da Opera tun 2013, da Edge tun 2020. WebKit shi ke cikin Safari. Gecko shi ke cikin Firefox. A wayar iPhone da ke hannun ƴan uwanmu a Afirka ko Saudiyya ko Amurka, ko Chrome ka sauke, injin WebKit ne ke ƙarƙashinta. Akwai ƙungiyar W3C da aka kafa a 1994 don a daidaita ƙa'idojin, amma kowane kamfani da lokacin da yake shigar da sabon abu, tsohuwar waya kuma tana nan inda aka bar ta.

Matsala ta farko: haruffa masu lanƙwasa

Hausar boko tana da haruffa huɗu da Faransanci da Ingilishi ba su da su: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. An tattauna rubutun harsunanmu a taron Bamako na 1966, kuma a 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa da ake bi a ƙasar nan. Mu a Nijar muna rubuta ƴ, a Najeriya kuwa sun fi rubuta 'y. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane harafi lamba tasa, har da waɗannan huɗun manya da ƙanana. Ke nan haruffan suna da gurbi a kwamfuta. Inda ake samun cikas wuri uku ne.

Idan ka ga ɗan akwati ko alamar tambaya a gurbin harafi, wayar ta gane lambar, amma salon rubutun da ke cikinta ba shi da zanen harafin. Wannan ya fi faruwa a ƙananan wayoyi masu maɓalli, da kuma wayoyin da aka sauya musu salon rubutu da wani mai ado. Magani: a shiga saitin waya, wurin da aka rubuta Paramètres, a mayar da salon rubutu na asali. Idan ƙaramar waya ce, sau da yawa babu abin yi daga ɓangarenka.

Idan ka ga tarkacen alamomi, kamar Æ™ a gurbin ƙ, ko É— a gurbin ɗ, laifin na masu shafi ne. Ba su shaida wa burauza cewa da tsarin UTF-8 aka rubuta shafin ba, sai ta karanta shi da tsohon tsarin Turawan Yamma. Layi ɗaya ne ake ƙarawa a saman shafin ya gyaru. In kun ga haka a namu, ku faɗa mana.

Na uku, tsofaffin takardu. Kafin Unicode ya yaɗu, ofisoshi da masu buga littattafan yaƙi da jahilci suna amfani da salon rubutu na musamman da ke ɗora ƙ ko ɗ a kan wani maɓalli daban. Idan aka kwafo irin wannan rubutu zuwa intanet, harafin asali ne ke fitowa. Sai an sake buga shi.

Wasu sun ce mu daina sa lanƙwasar, kowa ya huta. Ba mu yarda ba. Baƙi daban, baki daban. Ƙafa daban, kafa daban. Sanarwar da ta ce "an ɓata gona" ba ita ce "an ba ta gona" ba, kuma a lokacin rikicin manoma da makiyaya irin wannan kuskure ba abin wasa ba ne. Abin da masu shafi ke yi shi ne su zaɓi salon rubutu mai ɗauke da haruffan, irin Noto na kamfanin Google, su kuma jera wani a bayansa ko da na farko bai sauka ba. Mai son rubuta mana saƙo da haruffan, allon rubutu na Gboard yana da Hausa.

Matsala ta biyu: murya ba ta fita

Da farko, a sani cewa murya ba ta tashi da kanta. Safari tun 2017, Chrome kuma tun 2018, sun hana shafi ya kunna sauti sai mutum ya danna da hannunsa. To, a nemi alamar kunnawa a danna.

Na biyu, Opera Mini. Mutanenmu na son ta don tana tattalin mega, kuma gaskiya tana yi. Yadda take yi shi ne, idan tana kan tsimi mai tsanani, shafin ba kai tsaye yake zuwa wayarka ba. Kwamfutocin kamfanin ne ke buɗe shi, su matse shi, su aiko maka da shi a taƙaice. Rubutu yana zuwa lafiya, amma maɓallan da suka dogara da JavaScript, irin na sauraren rediyo kai tsaye, sukan mutu a hanya. Don karatu ta isa. Don saurare, a rage ƙarfin tsimin a saitinta, ko a koma Chrome ko Firefox.

Na uku, nau'in fayil. Saƙon murya na WhatsApp da tsarin Opus yake zuwa. Idan wakili ya turo rahoto daga kasuwar Badagishiri ko daga wurin masu albasa a Galmi, aka ɗora shi haka nan a shafi, zai yi magana a Android, amma iPhone da ba a sabunta ba tana iya ƙin sa. MP3 kuwa kowace burauza ta yau tana karanta shi. Shi ya sa muke juya kowane rahoto zuwa MP3 kafin mu ɗora.

Na huɗu ya shafi masu shafi. Idan adireshin shafi ya fara da https, wato mai tsaro, amma adireshin muryar ya fara da http kawai, Chrome tun 2020 tana ƙoƙarin ɗauko muryar ta hanya mai tsaro, in ba ta samu ba ta toshe ta. Sannan duk shafin rediyo da ke kan tsohuwar manhajar Flash ya yi shiru, domin kamfanin Adobe ya daina kula da ita ranar 31 ga Disamba 2020.

Ga lissafin mega don mai sayen forfe: murya mai nauyin kilobit 32 a daƙiƙa tana cin kusan mega 14 a awa ɗaya, mai 64 kusan mega 29, mai 128 kusan mega 58. Magana zalla ba ta buƙatar mai nauyin.

ƴan uwa na Abijan da Kumasi da Akara su tuna agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya. Labaran ƙarfe takwas na dare a Ƙonni, ƙarfe bakwai ne a can. Legas da Kwatano da Tamanrasat lokacinmu ɗaya. Wani yakan ce murya ta lalace, ashe an riga an gama shirin.

Matsala ta uku: gargaɗin tsaro, ko shafi fari fat

Kafin komai, a duba kwanan wata da agogon waya. Wayar da ake cire wa batir, ko ta kwana biyu a mace don babu wuta, takan koma wata tsohuwar shekara. Takardar shaidar tsaro ta kowane shafi tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan agogonka ba daidai ba ne, burauza za ta ɗauka takardar ta jabu ce. A gyara kwanan wata, a sake gwadawa. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

Idan agogo daidai ne, a duba shekarun wayar. Shafuka masu yawa suna karɓar takardar tsaro kyauta daga Let's Encrypt. Tun 2024, wayoyin da Android ɗinsu bai kai 7.1.1 ba sun daina gane wannan takarda. Maganin da masu takardar da kansu suka nuna a lokacin shi ne Firefox, domin tana zuwa da nata jerin shaidun. Haka kuma Chrome ta daina sabunta kanta a Android 7 tun ƙarshen 2023, a kwamfuta mai Windows 7 kuma tun farkon 2023. Internet Explorer da ake gani a tsofaffin kwamfutocin ofis, kamfanin Microsoft ya ajiye ta ranar 15 ga Yuni 2022. Wayar hannu ta biyu da aka sayo a kasuwar Ƙonni ko aka aiko daga ci-rani tana iya zama lafiya lau wajen kira da WhatsApp, amma burauzarta ta tsufa.

Idan kuma labarin jiya kake ta gani, ko hotuna sun hau kan rubutu, burauza ce ta riƙe tsohon kwafi a ajiyarta. A Chrome, a danna ɗigo uku na sama, a shiga tarihin bincike, a goge hotuna da fayilolin da ke ajiye. A kula, kar a sa alama a kan kalmomin sirri, don kar a wayi gari an kasa shiga Facebook.

Wanda ya danno adireshin daga cikin Facebook, shafin a cikin ƙaramar burauzar Facebook yake buɗuwa. In ya ƙi, a danna ɗigo uku a zaɓi buɗewa a burauzar waya.

Yadda ake gane inda laifin yake

Dabarar ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya.

1. Waya ɗaya, burauza daban. In ya buɗu, burauzar farko ce.
2. Burauza iri ɗaya, wayar wani. In ya buɗu, wayarka ce: agogo, tsufa ko cikar ajiya.
3. Waya ɗaya, rezo daban. Mu na bakin iyaka mun san waya kan kama rezon Najeriya ta wajen Illelar Sakkwato, sai intanet ɗin layin Nijar ya tsaya. A zaɓi rezon da hannu.
4. In duka sun ƙi, kuma sauran shafuka na buɗuwa, to daga wurinmu ne.

Ga matasa masu gina shafi

Muna da yara a Ƙonni da Malbaza da Tawa da ke koyon wannan aiki. Shawararmu: kada ku gwada shafi a kwamfutar ofis kaɗai ku ce an gama. Mu mukan gwada a waya mai maɓalli, da tsohuwar Android, da sabuwa, da kwamfutar situdiyo, mu kuma roƙi wani ɗan uwa mai iPhone ya duba mana. Duk wanda zai fita aiki Tsarnawa ko Dogerawa ko Tajaye, yakan buɗe shafin a can inda rezo ke da rauni. A sa rubutun labari cikin HTML zalla, yadda ko JavaScript bai tashi ba za a karanta. A rage nauyin hotuna. A sa hanyar sauke murya kusa da maɓallin kunnawa. Kafin amfani da sabon salo, shafin Can I use yana nuna burauzar da ta san shi da wadda ba ta sani ba. A ajiye jimlar gwaji mai haruffan nan huɗu, manya da ƙanana, a duba ta a kowace waya.

In za ku kawo koke

Ku faɗa mana abu biyar: sunan waya, sunan burauza, garin da kuke, abin da kuka danna, da abin da ya fito. Hoton fuskar waya ya fi dogon bayani. "Shahinku ya ƙiya" kaɗai ba ya nuna mana inda za mu taɓa.

Sanarwar rasuwa, ta ɓatan yaro ko dabba, da ta rigakafi, muna ci gaba da karanta su a iska kamar kullum. Wanda ke gida ya ji, ya daure ya kira ɗan uwansa na nesa da baki, kada ya tura adireshi kawai ya ɗauka saƙo ya isa.