Orkut da katin gayyata: yadda baƙi suka gaje gidan biki

Wata mai karatu ta aiko mana da tambaya, kuma da ganin rubutun ka san da haushi ta yi shi. Ƙanwarta da ke karatu a ƙasar waje ce ta yi mata tallar wata sabuwar manhajar sada zumunta. Ta sauke, ta sa suna, sai aka ce mata ba shiga sai da lambar gayyata daga wani na ciki. Shi ne take tambaya wa ya fara wannan wulaƙanci, kuma me masu shafi ke samu idan sun tsayar da mutane a bakin ƙofa kamar 'yan gayyar soɗi.

Hajiya, abin ya haura shekara 20. Cikin makonni goma a farkon 2004 aka buɗe ƙofofi uku a Amurka, kowace da mai gadi. A ƙarshen Janairu Google ya fito da Orkut. Ranar 4 ga Fabrairu Mark Zuckerberg ya buɗe Facebook, wanda ba ya karɓar kowa sai mai adireshin imel na jami'ar Harvard. Ranar 1 ga Afrilu kuma Gmail ya zo da gigabait 1 na ajiya kyauta, lokacin da Hotmail ke ba da megabait 2, har mutane da yawa suka ɗauka zolayar ranar ɗaya ga Afrilu ce. Gmail ba dandalin zumunta ba ne, amma shi ya nuna wa duniya cewa gayyata haja ce: an sayar da ita a kasuwar eBay har dala 150. Masana talla sun daɗe suna jinjina wa wannan dabara. Paul Buchheit, wanda ya ƙirƙiri Gmail, ya ce lamarin ya fi kusa da dole, domin a kan tsofaffin kwamfutoci kusan 300 da ba wanda ke so a kamfanin aka ɗora shi, kuma ba za su ɗauki jama'a ba. Ni maganarsa na fi yarda da ita. Mai tukunya ƙarama ba ya shelar walima a masallacin Juma'a.

Amma labarin da ya fi koyar da mu abin da gayyata ke haifarwa shi ne na Orkut.

Sunan mutum ne. Orkut Büyükkökten ɗan Turkiyya ne, haifaffen Konya, ya yi digirin digirgir a Stanford, inda tun 2001 ya gina wa ɗalibai wani ɗan dandali mai suna Club Nexus. Da ya koma Google sai ya yi amfani da lokacin da kamfanin ke bar wa injiniyoyinsa don ayyukan kansu, ya gina shafin, aka raɗa masa sunansa. Gayyatar farko ta tafi ne ga ma'aikatan Google da abokansu na Kalifoniya. Duk wanda ya shiga yana iya jawo nasa. Hikimar ita ce kowa na ciki akwai wanda ya tsaya masa, kamar yadda ba a ba baƙo rumfa a kasuwa sai wani ɗan kasuwar ya ce ya san shi.

In ka buɗe shafin mutum a lokacin, za ka ga hotonsa a gefe, da allon da abokai ke bar masa gajerun saƙonni kowa na gani, da shaidar da aminai suka rubuta a kansa. Akwai kuma makin da abokai ke ba shi: fuskokin murmushi na riƙon amana, ƙanƙara ta gayu, zukata na kyau. Sai zauruka, inda masu ra'ayi ɗaya ke haɗuwa. A nan rikicin ya ɓarke.

Kafin tsakiyar 2004 'yan Barazil sun fi Amurkawa yawa a Orkut. Ba'amurke zai buɗe zaurensa na masu son wata waƙa ko wani fim, ya tarar da hira ta koma harshen Fotugal daga sama har ƙasa, akwatin saƙonsa kuma cike da gaisuwar da bai iya karantawa. Wasu masu zauruka suka kafa dokar Turanci zalla, suna goge duk abin da aka rubuta da wani harshe. 'Yan Barazil suka ce ai ba a rubuta wa intanet harshe a goshi ba. A Yulin shekarar har kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da labarin wannan cacar baki. A Afrilun 2006 jaridar New York Times ta ruwaito cewa cikin mutum sama da miliyan 15 da ke shafin, kusan miliyan 11 a Barazil suke. Zauren da ya fi kowane girma shi ne na masu ƙin tashi da sassafe, da hoton magen nan Garfield a ƙofarsa, kuma ya tara mutum wajen miliyan 6.

To ta yaya shafin da aka gina a Kalifoniya, da Turanci, aka kuma sa masa mai gadi, ya koma hannun mutanen São Paulo da Rio? Nan ne aka rabu.

Ruwaya mafi daɗin ji ita ce ta John Perry Barlow. Wannan mutum shi kansa labari ne: makiyayin shanu daga jihar Wyoming, marubucin waƙoƙi ga ƙungiyar Grateful Dead, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Electronic Frontier Foundation a 1990, kuma shi ne a 1996 ya zauna a Davos ya rubuta takardar shelar 'yancin kan intanet daga gwamnatocin duniya. A cewarsa, yana cikin manyan da aka fara gayyata, aka ba shi gayyata 100 ya raba. Lokacin yana aiki da Gilberto Gil, mawaƙin da ke riƙe da ma'aikatar al'adu ta Barazil, sai ya ga dama ya aika dukansu ga 'yan Barazil don ya ga abin da zai faru. Barlow ya rasu a 2018, kuma har yau ana maimaita labarin kamar shi kaɗai ya juya akalar shafin.

Ruwaya ta biyu ta masu cewa hali ne: wai ɗan Barazil mutum ne mai son jama'a, ga sunan shafin da sauƙin faɗa a bakinsa. Wannan ba ta gamsar da ni ba. Orkut ya yi ƙarfi a Indiya, ya yi ƙarfi a Iran har sai da hukuma ta toshe shi. Su ma son jama'ar ne? Ai kowace al'umma haka take faɗa a kan kanta.

Ta Barlow kuwa ta yi kyau da yawa, irin labarin da mai shi ke ƙara wa gishiri duk lokacin da ya ba da shi. Mutum 100 ba sa cika gari. Amma a ganina ya taɓo gaskiyar, ko da ya fifita rawar da ya taka. Ranar da ka ce ba shiga sai da gayyata, ka miƙa makullin gidanka ga baƙi. Mutum ba ya gayyatar duniya. Ɗan'uwansa yake kira, da abokin makaranta, da wanda suke magana da harshe ɗaya. Duk jama'ar da ta fi saurin kiran nata, ita za ta cika ɗakin. Ba'amurke a 2004 yana da Friendster da MySpace, ɗalibi kuma yana jiran Facebook ya iso makarantarsa, saboda haka gayyatar Orkut ba ta dame shi ba. Ɗan Barazil ba shi da wani gidan da ya kai wannan. Ga shi shafin ya yi nauyi, yana yawan tsayawa, yana fito da wani saƙon barkwanci da ke tsawata wa kwamfutar kamfanin cewa ba za a ba ta donat ba. Mai wurin zuwa ya tafi, wanda ba shi da shi ya zauna ya kira ƙannensa.

Abin dariyar yana gaba. Bayan an cire sharaɗin gayyata, shagunan intanet na unguwannin talakawa suka cika da matasa masu buɗe Orkut. Sai 'yan boko da masu hali, waɗanda jiya Amurkawa ke kuka da su, suka fara kukan cewa gida ya lalace, suka kwashe zuwa Facebook. Har kalma suka ƙirƙira, orkutização, wato abu ya zama na kowa da kowa har ya zube. Da Instagram ya sauka a wayoyin Android a Afrilun 2012, ita suka jawo suna jefa wa sababbin zuwa. Google dai ya bi jama'arsa: a 2008 ya mayar da ragamar Orkut ofishinsa na Belo Horizonte. A ƙarshen 2011 Facebook ya wuce shi a Barazil, ranar 30 ga Satumba 2014 aka rufe Orkut.

Abin da ya biyo baya maimaici ne. Google Wave ya raba gayyata 100,000 a Satumban 2009, waɗanda suka shiga suka tarar ba abokin hira, kafin shekara aka daina aikinsa. Google+ ya tsare ƙofa daga Yuni zuwa Satumban 2011, ya mutu a 2019. Clubhouse, na hira da murya, ya zo a 2020 ana kulle saboda korona, gayyata biyu ga kowane sabon shiga, kuma sai mai iPhone, wanda hakan kaɗai ya bar yawancin masu waya a ƙasashenmu a waje. Elon Musk ya leƙa a ƙarshen Janairun 2021, aka yi ta sayar da gayyata har a Chaina kafin a toshe Clubhouse a can, a Afrilu aka yi masa kuɗi dala biliyan 4. Kafin ya iso Android a Mayu ya cire gayyata a Yuli, Twitter ya riga ya buɗe Spaces, inda mutum ke tarar da mabiyansa suna jira. A Afrilun 2023 Clubhouse ya sallami fiye da rabin ma'aikatansa. Bluesky ya yi shekara guda yana raba lambobi, ya buɗe wa kowa ranar 6 ga Fabrairu 2024.

Shi kuwa Büyükkökten, da ya bar Google ya sake gina wani dandali mai suna Hello a 2016. Barazil na cikin ƙasashen da ya fara kai shi.