Manhajar karɓar kuɗi a kanti: sabbin abubuwan da suka shigo da abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani

Wanda ya shiga babban kanti ko gidan sayar da magani a Kwatano, Yamai ko Abijan a shekarun nan zai ga rasit ɗin da ake miƙo masa ya sake kama. Ban da jerin kaya da jimillar kuɗi, yanzu akwai lambar harajin mai kanti, wasu dogayen lambobi, da lambar QR a ƙasan takardar. Sauyin ya fito ne daga manhajar da ke cikin na'urar karɓar kuɗi, wadda ake kira logiciel de caisse da Faransanci. Ga bayanin yadda take aiki da abubuwan da aka ƙara mata.

Daga akwatin ƙarfe zuwa wayar salula

A 1879 wani mai gidan shaye-shaye a garin Dayton na Amurka, James Ritty, ya ƙera na'urar farko domin ya hana yaransa taɓa kuɗin ciniki. A watan Yunin 1974 aka fara karanta lambar nan mai layi-layi da ke jikin kaya a wani kanti na jihar Ohio, a kan kwalin cingam. A yau manhajar ce ke yin aikin, kuma tana iya zama cikin kwamfuta ko cikin wayar salula da aka haɗa da ƙaramar na'urar buga rasit. Tana rubuta kowane ciniki da lokacinsa, tana rage abin da aka sayar daga lissafin haja, da yamma kuma ta fitar da jimillar ranar.

Rasit mai shaidar hukumar haraji

Sauyi mafi girma daga hukumomin haraji ya zo. Da can mai kanti na iya goge wani ciniki daga na'ura don ya rage harajin TVA da zai biya. Faransa ta toshe wannan ƙofa daga ranar 1 ga Janairun 2018: dole manhajar ta hana sauya abin da aka riga aka rubuta, ta tsare shi, ta ajiye shi, ta kuma adana shi yadda mai bincike zai iya dubawa. Tarar rashin bin dokar Yuro 7,500 ce a kan kowace manhaja.

Ƙasashen yankinmu sun ɗauki hanya mai kama da wannan, har suka ƙara da aika bayanin ciniki kai tsaye ga hukuma. Jamhuriyar Benin ta soma aiki da tsarin MECeF a 2020, daga baya ta buɗe e-MECeF, wanda ake amfani da shi ta intanet ba tare da sayen na'ura ba. Nijar na da nata tsarin mai suna SECeF, wanda ya fara aiki a 2021. Ghana ta ƙaddamar da E-VAT a 2022, Kodibuwa kuma ta shigo da FNE a 2025.

Aikin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Manhajar kanti tana shirya rasit, na'ura ko shafin hukuma ya sa masa lamba ta musamman da lambar QR, sannan bayanin ya wuce ma'aikatar haraji. Mai saye na iya karanta lambar da wayarsa ya tabbatar rasit ɗin na gaske ne. Idan an yi kuskure ko an maido da kaya, ba a goge rasit. Wani ake bugawa mai soke na farko, dukansu biyu su zauna cikin lissafi. Ɗan kasuwar da ke sayar wa kamfanoni ya kula da wannan sosai, domin kamfani kan ƙi karɓar rasit marar shaida, tunda hukuma ba za ta yarda ya cire TVA ɗinsa ba.

Haraji da kuɗin ƙasa fiye da ɗaya

Ga masu fatauci tsakanin ƙasashe, sabbin manhajoji suna ba da damar saita harajin kowane reshe dabam. TVA kashi 19 cikin ɗari ne a Nijar, 18 a Benin da Togo, 19.25 a Kamaru, 7.5 a Najeriya. Kayan da farashinsa kafin haraji ya kai sefa 10,000 zai tashi 11,900 a Maraɗi, 11,800 a Kwatano, 11,925 a Garwa. Wasu kuma suna karɓar sefa da naira ko sidi a ciniki guda, mai shago ya riƙa shigar da farashin canji na ranar. Sai a tuna cewa sefar Afirka ta Yamma da ta Afirka ta Tsakiya kuɗi biyu ne dabam, ko da yake darajarsu ɗaya a hukumance. Haka nan na'ura da tamma take lissafi, alhali bakin kasuwa da dala yake ƙirga: idan mai saye ya ce dala ɗari, 500 za a buga. Wannan ne wurin da sabon yaron shago ya fi yin kuskure.

Biya ta waya

Sabbin manhajoji suna haɗuwa da asusun kuɗin waya irin su MTN MoMo, Moov Money, Airtel Money, Orange Money da Wave. Amfanin shi ne kuɗin na shigowa manhajar ta gani da kanta, ba sai an dogara da saƙon da mai saye ya nuna a wayarsa ba, wanda ƴan damfara ke iya ƙirƙira. A ranar 30 ga Satumban 2025 babban bankin BCEAO ya ƙaddamar da PI-SPI, tsarin da ke sada bankuna, kamfanonin kuɗin waya da ƙananan cibiyoyin bashi na ƙasashen UEMOA don kuɗi ya wuce nan take. Ana kuma iya aika rasit ta saƙon waya ko WhatsApp. A Faransa, tun ranar 1 ga Agustan 2023 ba a buga yawancin rasit na takarda sai mai saye ya nema.

Haja, bashi da yaran shago

Manhajar kan yi gargaɗi idan wani kaya ya kusa ƙarewa a sito ko ranar lalacewarsa ta matso. Tana iya maye gurbin littafin bashi, ta nuna abin da ake bin kowa da ranar da ya biya wani abu. Kowane yaro yana shiga da lambar sirrinsa, don haka idan kuɗin durowa bai yi daidai da lissafi ba, an san wanda ke kan aiki a lokacin. Mai shagon da ya tafi sarin kaya Lome na iya ganin cinikin ranar daga wayarsa. Da yawa daga cikinsu suna ci gaba da aiki idan intanet ta yanke, su aika bayanin idan ta dawo.

Kafin a saya ko a sabunta

A fara tambayar ofishin haraji ko manhajar tana cikin waɗanda hukumar ƙasar ta amince da su, domin amincewar Benin ba ta aiki a Nijar. A san ko sau ɗaya ake biya ko duk wata, da abin da zai faru da lissafin idan an daina biya. A ajiye kwafin bayanai kafin kowace sabuntawa, a yi ta bayan an tashi daga kasuwa, sannan a gwada ciniki ɗaya a duba farashi da haraji. A guji manhajar sata da ake sayarwa da arha: ba ta samun gyara idan doka ta sauya, kuma idan masu bincike suka zo, mai shago ne zai biya tara.