Dutsen Faridotait

Faridotait dutse ne mai nauyi, mai ruwan kore, wanda ya fi yawa a ƙarƙashin ɓawon ƙasa. Idan ya taso a tsakiyar teku, matsin da ke kansa ya ragu, sai wani ɓangarensa ya narke ya zama shimfiɗar ƙasan teku. Ragowar kuwa ta huce sannu a hankali, ma'adinanta suna riƙe da shaidar zafin da suka sha. Mafi kyawun misali yana duwatsun Samail na Oman, ƙasan tsohuwar teku mai kimanin shekara miliyan 95. A Najeriya, aman wuta ya fito da gutsattsarinsa a tudun Biu da tudun Jos, amma daga ƙarƙashin nahiya suka fito.