Hanyar mulki da hanyar fatauci: tarihin titunan Maraɗi da Madarunfa

1. Gabatarwa

Manyan hanyoyi biyu ne suka haɗu a Maraɗi. Ta farko ita ce hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Doso da Birnin Ƙonni, ta wuce Damagaram har Ngigmi. Ta biyu ta nufi kudu, ta ratsa gundumar Madarunfa ta Ɗan Isa, ta shiga Jibiya da Katsina har Kano. Abin da wannan takarda ke son nunawa shi ne cewa hukuma ce ta shata ta farko domin bukatar mulki, ta biyu kuwa fatauci ya haife ta, kuma jayayyar da ke tsakaninsu ita ce ginshiƙin tarihin sufuri a wannan yanki.

2. Iyaka da gyaɗa

Hanyar kudu ta girmi mota. Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadin 1804 su ne suka kafa daular Maraɗi, kuma duk da gabar da ta biyo baya, fatake ba su daina kai da komo da jakuna da raƙuma ba. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 suka raba wannan ƙasa gida biyu. Abin lura a nan shi ne, dalilin da ya sa Faransa ta nemi a sake shata iyaka batun hanya ne: tana bukatar turba mai rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Ke nan tun asali hanyar gabas da yamma ta soja ce da ma'aikatan mulki.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta ƙarfafa ɗaya ɓangaren. Da noman gyaɗa ya bunƙasa, hanya mafi sauƙi ta fitar da ita zuwa teku ita ce a kai ta Kano, jirgi ya ɗauke ta zuwa Legas. Wannan bai yi wa Turawan Faransa daɗi ba. A 1953 suka ƙirƙiro shirin da suka kira Opération Hirondelle, wato a riƙa ɗaukar kaya a mota zuwa Paraku, inda jirgin Kwatano ya tsaya tun 1936, hukuma kuma ta cike giɓin kuɗin dako. Bukatar tallafin kanta shaida ce cewa hanyar yamma ba ta iya gasa da ta kudu.

3. Daga kwari zuwa tudu

Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin gulbi yake. Ambaliyar 1945 ta rusa shi, aka mai da mutane bisa tudu, aka yanka sabon gari mai miƙaƙƙun tituna. Daga nan tsarin hanyoyi ya zama na gudun fadama, domin laka da gadoji suna cin kuɗi. Sakamakon haka ya shafi garin Madarunfa: babban titin iyaka bai ratsa cikinsa ba, ya bi ta Ɗan Isa. Garin da ke da tafki da kifi da noman rani, wanda masu ziyara ke zuwa kaburburan waliyyansa, ya riƙe sunan gunduma, amma hada-hadar duwan da manyan motoci ta tafi wani wuri.

4. Bayan samun ƴancin kai

Bayan 1960 gwamnati ta mai da hankali ga shimfiɗa kwalta daga yamma zuwa gabas, kuma sunan da aka ba ɓangaren gabas, Hanyar Haɗin Kai, ya bayyana manufarta. Yaƙin basasar Nijeriya (1967-1970) ya toshe hanyar Legas na ɗan lokaci, sannan farin farkon shekarun 1970 ya karya gyaɗa. Amma hanyar kudu ba ta mutu ba, kayanta ne suka sauya. Kamar yadda Emmanuel Grégoire ya nuna a littafinsa kan alhazan Maraɗi (1986), ƴan kasuwa sun koma shigo da kaya irin su taba da yadi ta Kwatano suna tura su Nijeriya. Ta haka hanyoyin biyu da aka gina don kishiyantar juna suka zama sarƙa ɗaya.

5. Hanyoyin kewaye

An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan daga 2023 zuwa Maris 2024. A kowane karo motoci sun yi cirko-cirko a kan kwalta, shinkafa da man fetur kuwa suka koma bin hanyoyin daji a kan babura da amalanke. Waɗannan su ne hanyoyin kewaye na haƙiƙa a gundumar Madarunfa, kuma ba injiniya ya zana su ba. Suna ciyar da ƙauyuka, suna rage wa baitulmali kuɗin shiga, kuma ƴan bindiga masu satar shanu da mutane su ma suna bin su.

6. Kammalawa

A Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda ke bin tsohuwar turbar fatake. Tarihin da muka bibiya ya nuna cewa inda aka ajiye tasha da ofishin duwan shi ke yanke wane gari zai ci moriyar hanya, wane kuma za ta wuce ta bar shi a gefe.