Lakar Nilu da Ta Daina Isa Teku

Yau Masar za mu, amma ba maganar Fir'auna ba, maganar laka.

Shekaru dubbai, duk damina in aka tafka ruwa a tsaunukan Habasha, kogin Nilu yakan cika ya yi jajir da laka. Wajen watan Agusta zuwa Satumba ambaliya ta iso Masar, ta kwanta a gonaki, in ta janye ta bar taki kyauta. Ragowar lakar kuma ta wuce arewa ta zube a bakin Bahar Rum. Haka aka gina yankin Delta, ƙasar noman da ta fara daga arewacin Alƙahira har teku. Igiyar ruwa tana yaga gaɓa, kogi yana kawo ciko fiye da abin da aka yaga. Shi ya sa bakin Rashid da na Dumyat, rassa biyun da kogin ke fita ta cikinsu, suka miƙe can cikin teku.

Tun 1902, da Turawan Ingila suka gina ƙaramin dam a Aswan, lissafin ya fara canzawa. Amma babban bugun sai zamanin Gamal Abdel Nasser. Amurka ta janye tallafi a 1956, Tarayyar Sobiyet ta shigo, aka fara babban dam a 1960, aka kammala a 1970. Tun 1964 aka tare hanyar kogin. Lakar da a da takan haura tan miliyan 100 a shekara, kusan dukkanta sai ta riƙa kwantawa a Tafkin Nasser.

Kar ku ce dam ɗin bai yi rana ba fa. Ya kai lantarki ƙauyuka, ana noma fiye da sau ɗaya a shekara, kuma a farin shekarun 1980 da ya ɗaiɗaita Habasha da Sudan, ruwan tafkin ne ya rufa wa Masar asiri.

Sai dai ita teku ba ta daina cin rabonta ba. A bakin Rashid akwai shekarun da gaɓa ta riƙa ja da baya sama da mita 100 a shekara. Kifin sadin da ke bin abincin da ambaliya ke kawowa ya yi ɓatan dabo, daga wajen tan 18,000 a 1962 ya koma 'yan ɗaruruwa kafin 1970. Manoma suka koma takin zamani. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masu yin jan bulo: da laka ta yanke, sai suka fara sayen ƙasar saman gonaki suna ƙonawa, har sai da gwamnati ta haramta a shekarun 1980.

Daga ƙarshen shekarun 1980 aka gina katangar duwatsu da kankare a bakin Rashid. Ta tsayar da teku a nan, amma zaizayar ta koma gefenta, inda katangar ta ƙare.