Toka A Goshi: Tarihin Azumin Kwana Arba'in

Ranar Laraba, 5 ga Maris, 2025, muna cikin kwanakin farko na watan Ramalana, wata ɗaliba ta shigo ajina a Jega da toka a goshinta. 'Yan'uwanta suka yi ta nuna ta, har wata ta miƙo mata tsumma ta goge. Ta ce ita ma azumi ta ɗauka. Da yake rashin sani ya fi dare duhu, na ga ya kyautu in bi diddigin wannan al'amari domin mai karatu.

A farkon zamanin Kiristanci, azumin da ke gabatar Ista gajere ne. A ƙarshen ƙarni na 2, Bishop Iraniyos ya rubuta cewa wasu yini ɗaya suke yi, wasu biyu, wasu fiye. Kwana arba'in ya kafu ne a ƙarni na 4, bayan taron Nikiya na shekarar 325, don koyi da azumin da Linjila ta ce Yesu Almasihu ya yi a jeji. Daga Larabar Toka zuwa jajibirin Ista kwana 46 ne. In an cire Lahadi shida da ba a azumi a cikinsu, sai a sami arba'in cif.

Mutane iri biyu aka fi tanadar wa kwanakin nan a da: masu shirin baftisma, da waɗanda suka aikata babban laifi. Su na biyun akan zuba masu toka a ka, su ware suna tuba, sai ranar Alhamis ta makon ƙarshe a sulhunta su da jama'a. Sannu a hankali sauran masu bi suka gane ba wanda ya fi ƙarfin tuba. A 1091 Fafaroma Urban na II ya umarci kowa ya karɓi tokar. Abin da yake tambarin mai laifi ya zama na kowa.

Siga kuwa ta sha canzawa. Kiristocin Habasha suna yin kwana 55. A 1966 Fafaroma Paul na VI ya taƙaita wajabcin rage abinci ga Katolika zuwa Larabar Toka da Juma'ar da ke gabatar Ista, ya ƙarfafa addu'a da sadaka. A lokacin Dayosis ɗin Sakkwato, wanda ya haɗa da wani sashe na Jihar Kebbi ta yau, shekararsa biyu da kafuwa a hannun limaman Dominikan daga Amurka.

Ke nan ma'aunin azumin shi ne abin da ya gyaru a zuci. Ɗan kasuwar Jega, ko mai sayen albasa a Aliero, ko malamin asibiti a Maiyama, in ya kame baki cikin zafin bazara amma bai biya bashi ba, bai kuma nemi gafarar wanda ya ɓata wa ba, to ya bar asalin abin a baya.

Ɗalibata dai ta ce ita gaba da ƙanwarta ta ƙudurta bari. Mu marubuta, in za mu sa maƙwabci a labari, ya kamata mu fara tambayarsa.