Lissafin da Ke Leƙa Cikin Kai Ba Tare da Tiyata Ba

Idan ɗan Bacirawa ya faɗi daga babur kansa ya bugu, aka garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, likita kan ce a yi masa hoton CT. Ma'aikatan ɗakin hoto sun san na'urar ba kyamara ba ce. Lambobi kawai take tarawa: yadda hasken eksire ya ragu a kowane layin da ya ratsa kan. Lissafi ne ke mayar da su hoto.

Lissafin baibai ke nan: daga sakamako a koma a gano sanadi. Kamar a gaya wa manomi jimillar geron da kowace kunya ta bayar, a tsaye, a kwance da a karkace, a ce ya faɗi amfanin kowane shuki.

Johann Radon na ƙasar Ostiriya ya warware wannan a 1917, ba tare da tunanin majinyaci ba. A 1956 Allan Cormack, yana aiki a asibitin Groote Schuur na Afirka ta Kudu, ya sake tunkarar matsalar bai san aikin Radon ba. Ya wallafa bincikensa a 1963 da 1964, kusan ba wanda ya kula. Shi ma Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI hanyarsa daban ya bi, har na'urarsa ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wata mata a asibitin Atkinson Morley na Landan a 1971. Cormack da Hounsfield suka raba kyautar Nobel a 1979.

Abin da ke hana masu fannin barci shi ne, ɗan kuskure a awo yakan zama babbar ɓarna a hoto. Shi ya sa ake ce wa majinyaci kada ya motsa. Andrey Tikhonov na Tarayyar Sobiyet ya fito da dabarar daidaita amsar a 1963. A 2006 kuma masana lissafi Candès, Tao da Donoho suka nuna ana iya gina hoto daga awo kaɗan, abin da ya rage wa mara lafiya daɗewa cikin wata na'urar hoton, wato MRI.

Na'urorin sun iso Kano. Saura ɗaliban lissafi na Jami'ar Bayero su shiga ɗakin hoto, su koyi abin da ke cikin na'urorin.